Karaye da Rogo: Tsohon Babur Mai Zaga Majami'u Huɗu

Wanda ya fita birnin Kano ta hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, sa'an nan ya karkata hagu ya nufi kudu, zai sami kansa a ƙasar Karaye. In ya ƙara gaba kudu maso yamma sai Rogo, inda Jihar Kano ta haɗa iyaka da Katsina da Kaduna. Ƙasa ce ta noma. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin Kano yawa, saboda haka ban da dawa da gero ana noma masara ƙwarai, da auduga da barkono da waken suya, a fadamu kuwa rake da shinkafa. Mun tafi can a bazarar da ta wuce, muka yi kwana 4, daga Alhamis zuwa Lahadi, domin mu gai da 'yan'uwa, mu kawo muku labarinsu. Labarin da muka komo da shi kuwa, rabinsa na wani tsohon babur ne.

Karaye tsohon gari ne. Sunansa yana cikin tsohon tarihin sarakunan Kano, gama nan ne bakin daga a zamanin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, yau wajen shekara 400 ke nan. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mai da shi masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi da Rano da Gaya. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sa'an nan ta kafa masarautar Karaye mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Karaye da Rogo. Matasanmu da suka yi bautar ƙasa a Kano sun san garin ta wata hanya dabam, domin sansaninsu yana nan a bakin madatsar ruwa ta Kusalla.

Amma abin da baƙo ya fi zuwa kallo shi ne madatsar ruwa ta Chalawa, wajen kilomita 90 daga Kano, wadda aka gama a 1992. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta kuwa ya kusa kilomita 8. In ka tsaya a kanta da hantsi sai ka ga ruwa iyakar ganinka, masunta suna ta jefa taru, ka ce ba a ƙasar Kano kake ba. Mun ci soyayyen kifi a can, kuma ba mu yi da-na-sani ba. Sai dai mu tuna, ruwan da aka tare a nan shi ne a dā yake malala fadamun Haɗeja da Nguru, mutanen can kuwa suna da nasu labarin.

Inda kwalta ta ƙare

'Yan'uwanmu Kirista na wannan ƙasa yawancinsu ba a cikin garuruwan suke ba. Hausawa ne daga gidajen Maguzawa, kuma har yanzu zamansu irin na kakanninsu ne: babban gida guda a tsakiyar gonakinsa, da rumbuna a jere, sa'an nan sai ka yi tafiya kafin ka ga na gaba. Akwai ECWA, akwai Baptis, akwai Katolika, Anglika kuwa har diyosis take da shi a Bari ta ƙasar Rogo. Majami'un ƙanana ne, wata mutum 30, wata ba ta kai ba, kuma ba kowace take iya riƙe ma'aikaci nata na kanta ba. Sai a haɗa uku ko huɗu a ba mutum ɗaya.

Tsakanin waɗannan gidaje ba hanyar mota, sai turba. Da rani yashi da ƙura, da damina taɓo da rafuffuka. Tun a watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, amma a nan babur shi ne sarki. Shi yake kai buhun masara kasuwa, shi yake kai amarya, shi yake kai mai ciwo asibiti. Mun ga wani ya ɗauko akuya biyu da matarsa da daurin rake, yana tafe yana gaisawa da mutane da hannu ɗaya.

A Karaye, ran Alhamis, muka sadu da wanda zai yi mana jagora. Mai bishara ne matashi, shekararsa 2 da gama makarantar Littafi Mai Tsarki, an ba shi majami'u huɗu a ƙasar Rogo. Muka same shi a rumfar wani dattijon bakanike, ya tsuguna yana kallon baburinsa kamar mai jinya.

Babur ɗin Honda ne, ƙirar CG125. A dā ja ne, yanzu rana ta mai da shi launin tukunyar ƙasa. Wani malamin makaranta ya fara sayensa sabo, ekklesiya ta saya daga hannunsa, Fasto biyu suka hau shi har suka tashi, sa'an nan ya zo hannun Malam. Ya girmi mai hawansa. Mitar da take ƙidaya tafiya ta mutu tun ba a san rana ba, madubi ɗaya ya rage, an ɗaure murfin gefe da roba.

Malam ya gaya mana abin da ya kawo shi. A cikin wata biyu sau uku babur ya mutu masa a daji, kowane karo sai ya tura shi zuwa inda mai gyara yake, kowane karo kuma sai an taɓa kuɗin baiko. Wannan duk da sauƙi. Amma wani dare aka buga masa ƙofa, matar wani ɗan'uwa tana naƙuda, jini ya ɓalle. Ya taka kik har ƙafarsa ta gaji, babur ya ƙi tashi. A amalanken shanu aka kai ta bakin titi. Ubangiji ya yi jinƙai, ta rayu, jaririn ma ya rayu, amma sai da aka ƙara mata jini. Tun daga ranar dattawan ekklesiya suka rabu biyu. Waɗansu suka ce a sayar da wannan tsohon ƙarfe a sayi keke, gama keke ba ya shan fetur, ba ya ƙin tashi. Waɗansu suka ce keke ba ya ɗaukar mai naƙuda. Aka ajiye magana sai ran Lahadi bayan sujada. Malam kuwa ya roƙa a bar shi ya gwada gyara da hannunsa, shi da bai taɓa riƙe sifana ba.

Kada mai karatu ya raina maganar masu son keke. Kafin ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen mai. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Baikon ƙauye kuwa yawancinsa hatsi ne, sai kaka ake ganinsa.

A rumfar dattijo

Bakaniken nan Musulmi ne, furfura ta cika gemunsa, yaransa uku suna ta wanke kayan wani injin ban ruwa. Muna tsammani zai ji haushi mutum ya zo ya ce a koya masa abin da zai hana shi dawowa da kuɗi. Ba haka ya zama ba.

Malam ya ce, "Baba, so nake ka nuna mini abin da zan iya yi da kaina, da abin da ba zan taɓa ba."

Dattijo ya dube shi ya yi murmushi, ya ce, "Malam, da kowa yana tambaya haka da na huta. Wannan injin ba tsufa ne yake kashe shi ba, ƙazanta ce. Zauna tukuna ya huce."

Aka bar babur a inuwa. Dattijo ya tafi sallar azahar, ya komo, aka ci abinci, aka yi hira har la'asar ta gabato, sai da ya taɓa injin ya ji ya yi sanyi sarai, sa'an nan ya buɗe murfin sama. Dalili kuwa shi ne, bawul biyu na injin, na shigar mai da na fitar hayaƙi, ana barin 'yar tazara a kansu, ƙarfe kuwa in ya yi zafi yakan kumbura, awo ya ɓaci. A wannan irin Honda tazarar milimita 0.08 ce, watau ba ta kai kaurin reza ba. In ta yi yawa sai injin ya riƙa ƙara kamar keken ɗinki. In babu ita sam, bawul ba ya rufewa sosai, babur ya yi wuyar tashi, daga baya bawul ɗin ya ƙone. Na Malam, guda ɗaya ya matse. Dattijo ya daidaita shi da ƙarfen awo, ya ce wannan aiki a bar masa tukuna, sai hannun Malam ya faɗa. Haka kuma buɗe cikin injin, da fistin da ringi, da wayoyin wuta.

Akwai abin da ya kamata a sani game da wannan babur. Kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125 a 1975, bayan injiniyoyinsa sun zaga ƙasashe masu zafi da ƙura sun ga yadda ake yi da babura: ana lafta musu kaya, ba a juye baƙin mai sai ya zama kwalta, ba a zuwa wurin gyara sai abu ya tsaya. Sai suka ƙera injin mai sauƙin sha'ani wanda zai jure wa sakaci, suka sa masa soson tace iska da ake wankewa a mayar. A 1979 kamfanin ya kafa ma'aikatarsa a Ota ta Jihar Ogun. Daga baya masu ƙera babura na ƙasar Sin suka kwaikwayi wannan injin ƙwarai da gaske, shi ya sa har yau ba a rasa kayan gyaransa, ko a Sabon Garin Kano ko a kasuwar ƙauye. Sai dai kaya suna suka tara. Akwai mai kyau, akwai wanda kwalinsa ya fi shi daraja.

Malam ya sayi galan ƙarami na baƙin mai wanda hatiminsa bai karye ba, da fulogi, da soso sabo, da sifanar fulogi. Dattijo ya ara masa sifana babba guda, ya ce ya mayar in ya shigo gari. Da Malam ya miƙa kuɗin aiki, sai ya karɓi na bawul kaɗai, ya ce magana ba a sayar da ita.

Hanyar Rogo

Ran Juma'a muka bi shi. Babur yana tafe yana tari, in ya hau tudu sai hayaƙi baƙi ya turnuƙe. Muka ratsa garin Rogo ba mu daɗe ba, muka sayi mazarƙwaila, gama ƙasar rake ce kamar maƙwabciyarta Makarfi. Daga nan muka bar mota a gidan wani ɗan'uwa a bakin titi, 'yan acaɓa suka ƙarasa da mu. Bazara ta yi tsanani, gonaki duk an share an zuba taki tsibi-tsibi, kowa yana duban gabas. Itatuwan ɗorawa da kaɗanya su ne kaɗai inuwa. Muka haye rafi biyu busassu, kowane ɗaya Malam ya waiwayo ya nuna mana inda ruwa yake kaiwa a watan Agusta.

Gidansa ɗaki biyu ne a bayan majami'a. Uwargida ta tarye mu da ruwan sanyi na randa da fura, da dare kuma tuwon masara miyar kuka. Bayan addu'ar yamma mutane suka yi ta shigowa gaisuwa, kusan kowa kuwa sai ya tsaya ya dubi babur kafin ya fita.

Ran Asabar

Da sassafe ya wanke shi tas da ruwa da omo, kamar yadda aka umarce shi, domin kada ƙasa ta faɗa cikin abin da za a buɗe. Sa'an nan ya tashe shi, ya bar shi yana aiki minti kaɗan don mai ya yi ɗumi ya tsinke, ya kashe, ya ɗora shi a babban jek, ya tara tsohon kwano.

Babban notin juye yana gefen hagu na injin daga ƙasa. Da ya kwance shi sai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar igiyar gado ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon, bayansa kuma wata 'yar rariya kamar hular yatsa. Malam ya firgita, ya zaci ya karya wani abu. Ba abin da ya karye. Rariyar ita take tace mai, kuma ta toshe da baƙin dagwalo, har da guntayen abin da ba mu gane ba. Man da ya fito kuwa bai cika rabin abin da ya kamata ba, baƙi ƙirin, mai kauri. Ya wanke rariyar da kananzir, ya mayar da ita yadda ya same ta, bakinta mai roba yana duban ciki, ya bi ta da ƙarfen, ya ɗaura noti. A nan sabon hannu yakan yi ɓarna, gama yana tsammani ƙarfi shi ne gwaninta. Jikin injin ƙarfe ne mai taushi, wanda ya matse noti da dukan ƙarfinsa zai cinye zaren, ko ya fasa murfin. Malam ya ɗaura da yatsu har ya tsaya, sa'an nan ya ƙara kaɗan da sifana. Ya zuba sabon mai, bai cika lita ɗaya ba, ya auna da sandar da take jikin murfin, a ɗora kawai ba a murɗa ba.

Wani yaro ya zo da gwangwani yana roƙon tsohon man, wai kakarsa za ta shafa wa miki. Uwargida ta hana, mun kuwa goyi bayanta. Wannan al'ada tana nan a ƙauyuka da yawa, amma baƙin mai da ya fito daga injin dafi ne, cike yake da garin ƙarfe da ƙonannen fetur. Ba a sa shi a miki, na mutum ko na dabba, ba a kuma zubar da shi kusa da rijiya. Aka adana shi don shafa wa gindin dirkokin rumfa saboda gara.

Fulogi kuwa, in ka iya karanta shi, shi yake faɗa maka abin da yake faruwa a ciki. In bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. In ya yi fari fat, injin yana zafi, fetur ya yi masa kaɗan. In ya jiƙe da mai, ringi ya gaji. Na Malam baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, watau fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Da ya buɗe murfin gefe sai dalili ya bayyana. Soson tace iska ya cushe da ƙurar shekara da shekaru har ya zama kamar ƙuli-ƙuli, gefe ɗaya kuma ya marmashe. Ta inda ya cushe iska ba ta wucewa, ta inda ya marmashe ƙura tana shiga kai tsaye. Ƙurar hunturu kuwa in ta gauraya da mai a cikin injin, aikin samfefa take yi wa fistin. Muna jin kunyar faɗa, amma mun ga babura da yawa na ma'aikatan ekklesiya waɗanda aka cire musu soson ɗungum, wai don su ƙara gudu.

Ya jiƙa sabon soso da ɗan baƙin mai mai tsabta, ya matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ya sa. Ya duba tazarar bakin sabon fulogi, wadda ake so ta zama milimita 0.6 zuwa 0.7, ya fara ɗaura shi da yatsu kafin sifana. Duk wannan bai ci sa'a biyu ba.

Kafireta ce ta ba da wahala. Dattijo ya ce masa ya rufe famfon fetur, ya kwance ɗan sukurun da yake ƙarƙashin kofin kafireta, ya tara kwalba ya ga abin da zai fito. Abin da ya fito fetur ne a sama, ruwa da jan tsatsa a ƙasa, a kwance kamar man ja a miya. Mai saye a kwalabe a bakin hanya ya san wannan, kuma a ƙauye ba wani zaɓi. Dattijo ya ce in ya ga ruwa ya zubar ya tsaya nan. Amma Malam zuciyarsa ta yi ƙarfi da nasarar safe, sai ya kwance kofin duka.

A cikin kofin akwai wani ɗan abu mai iyo a kan fetur, shi yake rufe hanyar mai in kofi ya cika. Wani siririn ƙarfe ne yake riƙe da shi, kamar guntun allura. Malam ya karkata kafireta don ya leƙa, ƙarfen ya zame, ya faɗa cikin yashin tsakar gida.

Aka yi shiru. Ba a sayar da irin wannan a ƙauyen, gobe kuwa Lahadi, da sujada a wuri biyu, da zaman dattawa. Yara suka ruga za su tono, Uwargida ta daka musu tsawa ta ce kada wanda ya motsa ƙafa. Ta shiga ɗaki ta fito da rariyar tankaɗe da faifai, ta zana da'ira da yatsa kewaye da inda mijinta ya tsuguna, ta fara kwasar yashin da tafin hannu tana tankaɗewa.

Ta ce, "Malam, ɗaga ƙafarka a hankali."

Ya ce, "Maman yara, in kin samo shi, bakina ya mutu yau."

A tankaɗe na bakwai ko na takwas ya fito, tare da tsakuwa da wani tsohon maɓalli. Ba ta ce kome ba, ta wanke shi, ta sa a murfin kwano ta miƙa masa, sa'an nan ta shimfiɗa buhu a ƙarƙashin babur, ta kawo tiren shayi ta ajiye. Duk mai niyyar taɓa kafireta ya fara da wannan buhu da wannan tire. Ya kuma jera abin da ya kwance bi da bi, na farko a hagu, domin mayarwa daga dama take farawa.

Tun da an riga an buɗe, sai ya kwance ɗan notin tagulla mai siririyar huda wanda fetur yake bi, ya ɗaga shi sama ya duba, haske ba ya wucewa sosai. Wani maƙwabci ya miƙo allura. Malam ya ƙi, gama an gargaɗe shi cewa allura takan faɗaɗa hudar, babur ya koma shan mai har abada. Ya jiƙa shi a fetur, ya hura shi da famfon keke har ya buɗe.

Saura sarƙa da birki. Sarƙar ta saki har tana dukan murfinta. Ya sassauta babban notin ƙafar baya, ya ja ta da ƙananan notuna biyu na gefe, yana ƙidaya zane a kowane gefe don ƙafar kada ta karkace, ya bar mata wasa kamar santimita 2 a tsakiya. Sarƙar da aka ja ta yi tauri ta fi sakakkiya ɓarna. Bayan haka dole a sake daidaita birkin baya, domin ƙafar ta matsa. Haƙoran da sarƙa take hawa sun fara lanƙwashewa kamar bakin shaho, wannan kuwa sai an sake su tare da sarƙar gaba ɗaya, kuɗinsa babu yanzu.

Da la'asar ya buɗe famfon fetur, ya jira kofi ya cika, ya taka kik. Na farko shiru. Na biyu ya yi tari. Na uku ya kama, ya zauna daram, ba hayaƙi baƙi. Yara suka yi ihu, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Malam ya zaga majami'a sau biyu, ya tafi har rafi ya komo, ya kashe, ya sake tayarwa sau biyar don ya tabbata.

Abu guda bai gamshe mu ba, mun kuwa faɗa masa a gaban matarsa: ba shi da hular kwano. Masu karatu za su tuna da Janairu na 2009, sa'ad da aka tilasta sa ta, har waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi hukuma. An yi dariya a lokacin, amma kan mutum ba shi da kayan gyara a kasuwa.

Zaman dattawa

Ran Lahadi ya tashi tun da asuba ya tafi majami'a ta nesa, ya komo kafin ƙarfe 10 ya bi da sujada a gida. Bayan an tashi, dattawa biyar suka zauna a gindin ɗorawa, shugabar Zumuntar Mata tana gefe a tabarmarta, mu kuma aka ba mu benci.

Babban mai son keke bai sauka daga maganarsa nan da nan ba. Ya ce jiya ya tashi, to, gobe fa? Ya kuma ce shi bai ji daɗi ba da ya ga mai bishara a tsugune hannu dumu-dumu da baƙin mai kamar yaron gareji, mutanen gari suna wucewa suna kallo. Wani dattijo ya amsa masa a hankali, ya ce, "Yaya, Manzo Bulus ɗinkin alfarwa yake yi, Ubangijinmu kuma a gidan masassaƙi ya girma. Ban ga abin kunya ba." Aka yi 'yar dariya, shi ma ya yi.

Amma maganar da ta fi nauyi daga bakin shugabar mata ta fito. Ta ce babur ɗin ba na Malam ba ne, na ekklesiya ne, kowa yana aronsa, mai zuwa kasuwa da mai zuwa biki, amma ba wanda ya taɓa tambaya yaushe aka yi masa juye. Ta ce jakin gidan kowannensu ya fi shi samun kulawa. Ba wanda ya musa.

Ga abin da suka shirya. Ba za a sayar ba. Za a sayi littafin rubutu a ajiye a majami'a, duk wanda ya ari babur a rubuta sunansa da inda ya tafi, ya kuma mayar da shi da fetur ɗin da ya same shi da shi. Tun da mita ba ta aiki, za a yi juye ran Asabar ta fari a kowane wata, a wanke soso a ranar. Mata suka ɗauki nauyin baƙin mai daga asusunsu. Za a ajiye lita 2 na fetur a galan a ɗakin ajiya, nesa da murhu da yara, ba mai taɓawa sai don mai ciwo ko mai naƙuda. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, Malam zai kai shi wurin dattijon Karaye a duba bawul da birki. Matasa biyu kuma, mace da namiji, za su riƙa zama tare da shi ran gyara su koya, domin ma'aikaci yakan tashi, babur kuwa yana nan.

Dattijon nan mai son keke shi ya ce zai sayi hular kwano in ya sayar da barkononsa. Maganar sarƙa da haƙoranta, da tayar baya wadda ta sulɓe har zare ya fara nunawa, an ɗaga ta sai kaka. Wannan ya dame mu, gama taɓon Agusta yana gaba da kaka, rafuffukan nan biyu kuwa suna tsakanin Malam da majami'u uku daga cikin huɗunsa. Muna roƙon masu karatu su tuna da shi da iyalinsa cikin addu'a, da sauran ma'aikata irinsa a Karaye da Rogo.

Da yamma muka yi sallama. Shi ya goya ɗayanmu har bakin titi, sifanar aro tana ɗaure a bayan sirdi, zai mayar wa mai ita ran Alhamis.